Faifan Kawu a But ɗin Mota

Kawu ba ƙanin mahaifiyata ba ne, ba kuma yayanta ba. Unguwarsu ɗaya a Kaduna, iyakar dangantakar ke nan. Amma da na sauka a Amurka a farkon shekarun dubu biyu, da jaka ɗaya da takardar shiga makaranta, lambar wayarsa ce kaɗai a aljihuna, kuma shi ya zo filin jirgi ya ɗauke ni a tasinsa. Wata takwas na yi ina kwana a kan doguwar kujerar falonsa a Hyattsville, cikin jihar Maryland kusa da Washington, a wani gidan haya mai hawa uku wanda matakalarsa kullum take ƙamshin girkin ƙasashe iri-iri. Bai taɓa tambayata yaushe zan tashi ba. Na fara da wannan ne don a san irin mutumin da na yi wa abin da na yi.

Kafin ya zama direban tasi a Washington, Kawu ma'aikacin gidan rediyo ne. Ya yi shekaru yana gabatar da shirin waƙoƙin Turawa na yammacin Asabar, tun ina yawo ba wando. Da gidan rediyon ya koma aiki da kaset, aka fito da tsofaffin faifan garmaho za a zubar, sai ya kwashi abin da zai iya ɗauka ya haɗa da waɗanda ya saya da albashinsa. Da su ya tsallako teku. Mutanenmu da daddawa da kuka da kilishi suke shigowa ƙasar nan, shi kuwa kwali huɗu na faifai ya kawo, ya ce daddawa ai ana sayarwa a shagon bakin titi.

Ranar Lahadi ba ya fita aiki. Bayan azahar zai dafa shayi mai kauri, ya goge allurar garmahonsa, ya ce, "To ɗana, zo mu shiga aji." Aji ne kuwa na gaske. Ba da sunan mawaƙi ya jera faifan ba, da zamani ya jera su, wanda ya fara fitowa a gaba, na bayansa a bayansa. Idan ka bi kwalayen daga hagu zuwa dama, ka bi tarihin kiɗan rok da pop na shekara talatin da wani abu. A bayan bangon kowane faifai ya rubuta da fensir ranar da ya fara saka shi a rediyo.

Kwalin farko na shekarun hamsin ne, lokacin da jita mai aiki da lantarki ta samu gindin zama, kiɗan baƙaƙen fata na kudancin Amurka ya shiga kunnen 'ya'yan Turawa, hankalin iyayensu ya tashi. "Ka ji gangar nan?" zai ce. "Kafin wannan, zama ake yi a saurari waƙa. Bayan wannan kujera ta rasa aikin yi." Kwali na biyu na samarin Ingila ne masu gashi har gira, waɗanda suka koyi kiɗan Amurkawa suka dawo suka sayar musu da abinsu. Kawu ya ce kamar ka sayi gyaɗa a hannun Bakano ne ka juya ka sayar masa da ƙuliƙuli, yana kuma yi maka godiya. A kwalin nan yake nuna min inda faifai ya daina zama waƙa ɗaya ta minti uku, ya zama dogon aiki da ake saurara daga farko har ƙarshe a juya a ji ɗaya gefen. A ciki akwai na wani babban taro da aka yi a gona, ruwan sama ya sauka, jama'a suka ci gaba da rawarsu cikin taɓo. Na uku jita ce mai ƙarar tsiya, sai disko. Na huɗu bai cika ba, ya tsaya a shekarun tamanin, lokacin da talabijin ya fara nuna waƙa. "Daga nan ido ya ƙwace wa kunne aikinsa," in ji shi, "ni kuma ba don ido aka ɗauke ni aiki ba."

Ina son waƙoƙin nan. Na rubuta shi ƙarara yanzu saboda na daɗe ban iya faɗa ba. Babu kuma wanda ya taɓa tsayar da ni ya ce kada in ji. Mutanenmu na nan yawanci likitoci ne da injiniyoyi da malaman jami'a da 'yan kasuwa, muna haɗuwa wurin idi da suna da ta'aziyya, kowa yana auna kowa da ido. A cikinsu Kawu direba ne mai furfura wanda har yanzu yake kaɗa kai idan kiɗa ya tashi a kanti. Suna ce masa Kawun disko, wani lokaci a bayan idonsa, wani lokaci a gabansa, shi kuma ya yi dariya ya wuce. Ni ma dariya nake yi tare da su, tawa ma takan fi ta wasu ƙarfi.

Da na gama karatun injiniya na samu aiki, na yi aure, na sayi gida a Lanham, aka sa ni a kwamitin shirya tarukan jama'armu, sai na fara jin kaina. Idan ni kaɗai ne a mota waƙoƙin ajin Kawu nake ji, da zarar zan rage wa wani hanya kuwa, kafin ya kama marfin ƙofa na mayar da wa'azi. A shekarun ne manyan shagunan sayar da faifai suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya koma zuba waƙa a 'yar na'urar aljihu, daga baya a waya. Na ce wa Kawu ya bari in zuba masa kwalayen nan duka a abin da zai shiga aljihun rigarsa. Ya dube ni ya ce, "Injiniya, to a ina zan rubuta kwanan wata?"

Wata shekara, farkon lokacin zafi, abubuwa biyu suka haɗe masa. Mai gidan hayar ya ce za a gyara ginin kowa ya tashi, sannan aka bugo daga Kaduna cewa yayansa yana kwance ba lafiya. Ya yanke shawarar ya tafi gida wata uku, in ya dawo ya nemi wani ɗakin. Kujeru da gado ya rabar. Faifan kuwa shi da kansa ya ɗauko su a tasi zuwa gidana, ya ƙi yarda in taya shi, ya sauka da su ɗakin ƙasa kwali ɗaya bayan ɗaya yana haki. Ya zaɓi kusurwar da ta fi nisa da tukunyar ɗumama gida, ya jera su, ya tsaya yana kallonsu.

"Abu uku kawai," ya ce. "A tsaye za su zauna, kada ka kwantar da su. Kada ka ɗora komai a kansu. Kada zafi ya taɓa su. Amana ce na ba ka, ɗana."

"Haba Kawu," na ce, "ai kamar suna hannunka ne."

A lokacin maiɗakina tana da tsohon ciki. Cikin watan Yuli ta sauka lafiya, muka samu ɗa namiji, aka sa ranar suna. Yadda muke yi a nan, mata suna sama a falo da kicin, maza kuma a ɗakin ƙasa, nan ake shimfiɗa darduma a yi addu'a a yi sallah a ci abinci. Ana gobe suna na sauka ina share ɗakin, sai idona ya faɗa kan kwalayen. Na zaro faifai biyu-uku na duba bangonsu da idon baƙo. Ga maza ƙirji a waje gashi har kafaɗa, ga wata mata da tufafin da bai isa a kira shi tufafi ba. Nan take na hango Likita. Likita shi ne dattijon jama'armu, mai farin gemu, wanda yake jan sallah idan liman bai zo ba, wanda kuma shi ya kawo sunana a kwamiti. Na hango shi zaune a gefen kwalin, ya miƙa hannu ya zaro matar nan.

Maiɗakina ta ce, "Ka rufe su da zanin gado mana, wa zai ɗaga?"

Na ce yara za su ɗaga. Gaskiyar magana ba na son a ga ko alamarsu a gidana.

Da safen suna, kafin baƙi su fara zuwa, na kwashe kwalayen zuwa tsohuwar motarmu. Ba su shiga but a tsaye ba, don haka na zazzage su na kwantar da faifan tari-tari, wani kan wani, na naɗe kwalayen na tura a gefe, na rufe. Sai na ja motar can ƙarshen layi inda babu ko bishiya ɗaya, don baƙi su samu wurin ajiye nasu. Na ce wa kaina da yamma zan mayar da su. Cikin minti ashirin na karya sharuɗɗa ukun nan duka, ina sanye da farar shadda ina ƙamshin turare.

Suna ya yi kyau. Aka yi addu'a, aka raba goro da dabino, aka ci waina da miyar taushe har aka bar saura. Bayan an gama ci, mutane sun kishingiɗa, sai Likita ya waiga ya dubi kusurwoyin ɗakin ya ce, "Injiniya, ina faifan Kawu? An ce a wurinka ya bar su."

Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya gyara zama ya ce wa jama'a, da shirin Kawu suka yi karatun likitanci a Zariya. Ranar Asabar da yamma ɗakin kwanansu duka kan taru a kan rediyo ɗaya, har wasiƙa ya taɓa rubutawa ya nemi a sa masa waƙa, aka kuwa sa. Wani malamin jami'a ya ce shi ma haka. Wani ya fara rera amshin wata waƙa da muryarsa mai kama da ta maƙogwaron rago, ɗakin ya fashe da dariya. Likita ya ce, "Ɗauko mana ko bangon mu gani, mu tuna ƙuruciya."

A nan ne ya kamata in tashi in ce suna mota, a taya ni ɗaukowa. Da an yi min dariya ta minti biyar, da shi ke nan. Amma ta yaya zan ce na ɓoye su ne don kada ku gani? Sai na ji bakina yana cewa, "Ranka ya daɗe, ai na kama musu ɗakin ajiya mai sanyi a Annandale, saboda kada damshin nan ya taɓa su." Na zaɓi Annandale ne saboda tana ƙetaren kogi, ba wanda zai ce a je a ɗauko yanzu.

Likita ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Haka ake riƙon amana. Allah ya yi maka albarka." Jama'a suka ce amin. Na sunkuyar da kai, suka ɗauka kunyar yabo ce.

A gefen Likita akwai baffan maiɗakina, wanda ya zo daga wata jiha mai nisa, kuma a ɗakin ƙasan nan aka sauke shi har kwana biyar. Da kunnensa ya ji zancen Annandale. Mutum ne da ba ya fita ko'ina, in ba ya ɗakin to yana kan matakalar ƙofar gida da carbinsa yana kallon titi. Ba dama in shigo da kwali huɗu ta gabansa. Zan iya mayar da motar inuwa, zan iya kai su ofis, zan iya abubuwa da yawa. Ban yi ko ɗaya ba. Ga kai baƙi tasha, ga asibiti, ga masu zuwa barka, kullum sai in ce gobe. Ni injiniya ne, na san abin da zafi yake yi wa roba, na san yadda cikin mota yake zama a watan Yulin Maryland. Duk kwanakin nan lissafin da nake yi na idon mutane ne, ban zauna na yi na rana ba.

Ranar da na kai baffa filin jirgi na dawo, ban ko shiga gida ba na wuce ƙarshen layi na buɗe but. Warin roba mai zafi ne ya fara dukana. Na saman sun lanƙwashe kamar marfin tukunyar da aka taka. Na ƙasa nauyi ya danne su sun karkace gefe guda. Na riƙa zarowa ɗaya-ɗaya ina ɗagawa sama ina duba gefensu, ina addu'ar in ga madaidaici. Fiye da rabi sun tafi. Bangon kuwa ba abin da ya same su, rubutun fensir ɗin Kawu yana nan tsaf a bayan kowanne. Na zauna a bakin titi cikin ranar, gumi yana zuba.

Maiɗakina ta ce, "Ka kira shi yau ka faɗa masa. Kawu ne fa."

Na daka mata tsawa na ce mutumin yana jinyar ɗan'uwansa, ba lokacin ɗaga masa hankali ba ne. Macen da ba ta yi sati biyu da haihuwa ba na yi wa tsawa don ta faɗa min gaskiya. Ta dube ni ta ɗauki jaririnta ta shige ɗaki, ba ta sake tayar da maganar ba.

Na fara da gyara. Na sa faifai tsakanin gilashi biyu na ɗan ɗumama shi, ya miƙe a ido, amma da na aro garmaho na gwada sai waƙar ta fito kamar mai rera ta yana cikin kwalekwale. Sai na koma nema. A lokacin faifan garmaho ya fara dawowa yayi, samarin Turawa masu gemu suna rububinsa a ƙananan shagunan tsofaffin kaya. Na bi shagunan nan ranakun Asabar, daga cikin birni har Virginia, wanda ban samu ba na yi odarsa ta intanet. Duk wanda ya iso sai in zare lalataccen daga bangon Kawu in zura sabon, in jefa nasa a shara. Da hannuna na zubar da faifan da suka tsallake kwandon sharar gidan rediyo, suka tsallake teku. Wasu daga cikin nasa bugun Legas ne, takardar tsakiyarsu daban take da ta bugun Amurka. Na lura da haka. Na ce a raina idon Kawu ya fara rauni, ba zai gani ba. Wannan tunanin ya fi komai ba ni kunya har yau.

Yayan nasa ya rasu, Kawu ya dawo cikin kaka, ya kama wani ɗaki a Hyattsville ɗin dai. Bayan na yi masa ta'aziyya da kwana biyu na kai masa kwalayensa, a tsaye, a jere yadda ya bar su. Ya yi ta sa min albarka. Na ce ina sauri, ya ce ba inda za ni sai na sha shayi. Ya haɗa garmaho, ya tura hannu kwali na biyu ya zaro wani faifai na samarin Ingila ba tare da ya duba ba, ya ɗora allura ya koma ya zauna ya lumshe ido.

Ana tsakiyar waƙa ta biyu sai ya ɗaga yatsa ɗaya sama. A take na tuna. Faifan nan yana da wani tabo da allura take tsalle a kansa ta haɗiye kalma biyu, tun a gidan rediyo, kuma kullum Kawu yakan ɗaga yatsa kafin wurin ya sauke shi daidai da tsallen. Wurin ya zo ya wuce sumul, mawaƙin ya faɗi kalmominsa duka. Yatsan Kawu ya tsaya a sama. Ya buɗe ido ya tashi a hankali, ya tsaya kan garmahon yana kallon takardar tsakiya tana juyawa. Ya daɗe a haka. Sannan ya waigo ya dube ni.

"Ikon Allah," ya ce. "Sanyin ɗakinka har warkar da faifai yake yi."

Na yi 'yar dariya. Ya zuba min shayi, ya tambaye ni lafiyar jariri.

Bai ƙara cewa komai ba, ranar ko bayanta. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Ya ci gaba da kirana ɗana, ya ci gaba da kawo wa yarana alewa ranar sallah. Ni ne na rage zuwa, Lahadi ɗaya a wata, daga baya sai in ya kira. A tsakiyar shekarun dubu biyu da goma tsofaffin mawaƙan nan suka fara mutuwa kusa da kusa, kuma duk wanda ya rasu sai wayata ta yi ƙara. "Injiniya, wani ya tafi. Ka zo Lahadi." Zai fito da faifan mamacin ya sa daga farko har ƙarshe, mu zauna shiru kamar masu zaman makoki, sannan ya ba ni labarin abin da mutumin ya canza a kiɗa. Ni kuwa ina zaune ina tuna shagon da na sayo faifan da launin rigar wanda ya sayar min. Sau da yawa na shirya maganar a mota, in hau matakala da ita a bakina, in ya buɗe ƙofa ya ce "Maraba da ɗana" sai ta koma ciki.

Daga baya idon nasa ya yi raunin gaske, tuƙi ya gagara, ya ce zai koma Kaduna gaba ɗaya. Wata Asabar da hantsi na je taya shi ɗaure kaya. Ɗakin ya zama fili, akwatuna uku a tsakiya, sai butar shayi a ƙasa. Na duba jikin bangon ɗakin inda kwalayen suke zama, babu su, babu garmaho. A raina na riga na share musu wuri a gidana, domin wa Kawu yake da shi a ƙasar nan in ba ni ba?

"Kawu, ina faifan?"

"Na ba wani abokin aikina," ya ce, yana ƙoƙarin zuge akwati. "Direba ne, mutumin Damagaram. Turancinsa bai taka kara ya karya ba, amma yana son jita. Jiya ya zo da matarsa suka kwashe. Ya ce a falo zai jera su."

Na tsuguna na kama masa bakin akwatin. A tsugunen nan, ban ɗago ba, na faɗa masa. Na ce yawancinsu ba nasa ba ne, nasa sun narke a mota, ni na sayo wasu na zura. Maganar da na riƙe shekara bakwai ba ta kai minti ɗaya ba.

"Na sani," ya ce. "Tun ranar. Da ka tafi na bi su ɗaya-ɗaya, har na ga ka yi ƙoƙari, akwai waɗanda ni kaina ban san ana samunsu ba." Ya zauna a kan akwatin. "Zafi yana cin faifai, wannan ba wani abu ba ne, ni ma na taɓa barin guda biyu a taga. Da ka bugo ka ce sun narke, da na yi baƙin cikin kwana biyu na haƙura. Likita ya ce min ka kama musu ɗaki mai sanyi a Annandale, yana ta yabonka, na ce masa ai ɗana ne. Abin da na kasa ganewa shi ne, me ya fitar da su daga ɗakin da na ajiye su?"

Na ce ranar suna ce, mutane za su zauna a ɗakin.

"Wuri ne ya yi kaɗan?"

"A'a, Kawu."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar wanda aka tabbatar masa da abin da ya daɗe yana zato. Bai yi fushi ba, muryarsa ma ƙasa ta yi.

"Tun kana kwana a kujerata na yi niyyar kai zan bar wa su," ya ce. "Ba ni da wani ɗalibin. Amma ba na son in bar maka abin da za ka riƙa neman inda za ka ɓoye shi duk ranar da ka yi baƙi."

Ya dafa kafaɗata ya miƙe, ya ce in fara sauka da babban akwatin, in kula da matakala ta uku tana da santsi. Na ɗauka na sauka.